Sarƙar da Kawu Ya Wasa wa Haruna

Da janyewar ruwan Bahar, babban koginmu, na bana, shekara talatin ke nan da rasuwar Haruna ɗan Mamman Maƙeri, wanda masu yankan itace na wajen garin Suki suka fi sani da Osta Haruna, wato gwanin sana'a. Taubashina ne, mahaifinsa wan mahaifiyata ne, kuma tare muka yi aiki tun ranar da zarton inji ya fara kuka a yankinmu har ranar da ya kashe shi. Masu irin wannan rubutu sukan cika shafi da yabo. Ni ma ina da yabon, amma gaskiyar magana har yau haushinsa nake ji, tsufa kuma bai rage mini ko kaɗan ba. Duk waɗanda zancen zai sosa wa rai sun riga mu gidan gaskiya, shi ya sa bana na ga ya kamata in faɗe shi yadda ya faru.

Ƙauyenmu yana bakin kogi, kudu da Suki. Kakanninmu sun taso daga ƙasar Sakkwato da niyyar Makka, suka yada zango nan, zangon ya zama gari. Sun zo da sana'o'insu da al'adunsu, kuma mai zaman baƙunta ya fi mai gida riƙon al'ada, don ita kaɗai ta rage masa. Kawu Mamman shi ne maƙerin garin. Gatari da lauje da fartanyar da ake shiga gonakin auduga da su, duk daga uwar maƙerarsa suke fitowa. Haruna kuwa ɗansa ne na fari, kuma a wurinmu uba yana kunyar ɗan fari. Ba ya kiran sunansa, ba ya zama tabarma ɗaya da shi, ba ya yi masa magana kai tsaye. Kawu "wancan" yake ce masa. Haruna ya girma a bakin zugazugi, amma ko iska Kawu yake so a ƙara, bango yake duba ya ce a ƙara iska. In maganar mai nauyi ce, sai a ba mahaifiyata ko ni mu kai, alhali ga su a gida ɗaya.

Sai wani ɗan kwangila ya sami izinin sare bagaruwar fadama, wadda ake yin katakon shimfiɗar layin dogo da ita. Ya zo da zartuna masu shan fetur. Mu da muka saba da bakin Larabawa muna ce wa zarton munshar, sarƙarsa kuma janzir. Abin da majiya ƙarfi za su yini suna sara da gatari, munshar kan kayar da shi kafin shayi ya huce. Masu kawo wa Kawu gatari suka ragu, maƙera ta fara kwana ba wuta. Haruna ya bar zugazugi ya bi daji, ni ma na bi shi. Kawu bai hana ba. Abin da kawai ya ce wa mahaifiyata shi ne, wancan ya bi ƙarfen da bai san wanda ya ƙera shi ba. Daga nan ko ɗan saƙon da akan aika ma ya yanke.

Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Mu duka mun koyi riƙon zarto, amma Haruna sarƙar ya koya. Ni a wurina sarƙa duk sarƙa ce, sai da ya zaunar da ni a kan kututture ya jera mini su. Akwai wadda haƙorinta ke da kusurwa tsaf, ita ce mai sauri, amma ba ta da haƙuri. Bagaruwar fadama takan yi watanni tsaye cikin ambaliya, ɓawonta ya cika da laka da yashi, to in ka sa mai kusurwa a gindinta, kafin hantsi ta dakushe. Akwai mai zagayayyen haƙori, wadda ba ta gaggawa amma tana jure ƙasa, ita yake sa wa gindin itace. Akwai wadda akan wasa haƙoranta kusan a miƙe, don tsaga gungume ta tsawonsa. Sannan ga mai giɓi, wadda haƙoranta ke nesa da juna, ta zarto mai dogon baki, irin wanda ni nake riƙewa. Da yake ina da giɓi a haƙoran gaba, sai ya ce ai Allah ne ya haɗa ni, ɗan mace, da ƙanwata. Sunan mai giɓi ya bi ni har yau, jikokina ma sun ji shi.

Washin da yake yi kuwa abin kallo ne. Yakan ɗan tsaga kututture ya maƙale bakin zarton a ciki don kada ya motsa, ya ɗaura zare a haƙorin da ya fara da shi. Kowace sarƙa da girman magagarinta, siriri zagayayye, kuma bai yarda a yi wa wata aron na wata ba. Daga ciki yake turawa zuwa waje, in zai dawo ya ɗaga hannu, yana cewa magagari a tafiya yake ci, ba a dawowa ba. Turin da ya yi wa haƙori na farko shi zai yi wa na ƙarshe, sai ya gama na gefe ɗaya kaf sannan ya juya zarton. In na yi ganganci haƙoran dama suka fi na hagu tsawo, yankana yakan karkace kamar jakin da aka yi wa lodi gefe guda, shi kuwa ya sami abin dariyar mako. Bai taɓa taɓa sarƙata don ya san ta dakushe ba. Ƙasa yake dubawa, in ɓarɓashi ne manya ke zuba to lafiya, in gari ne kamar dusa sai ya miƙo mini magagari.

Akwai abu ɗaya da nake so mai karatu ya riƙe. A gaban kowane haƙori akwai wani ɗan ƙarfe mai dunƙulallen kai, ba shi da kaifi ko kaɗan, wanda bai sani ba zai ce ba shi da amfani. Haruna ɗan jagora yake ce masa, wai don haƙori makaho ne. Shi ke hana haƙorin cizon abin da ya fi ƙarfinsa. In haƙori ya ci ya rage tsawo, akan bi ɗan jagora da magagari mai faɗi a rage masa kai kaɗan, abin da bai wuce kaurin farce ba. In aka zarce, haƙoran su kafe cikin itace, injin kuma bai san tsayawa ba, sai zarton ya yi tsalle ya dawo kan mai riƙe da shi.

Kwanan baya na shiga kasuwar Suki na tarar da samari suna wasa sarƙa da dutsen lantarki, tartsatsi na tashi, haƙora na ƙonewa suna yin shuɗi. Sarƙoƙin yanzu ma har da ƙarin tudu suke zuwa a gaban haƙori, don rage wannan tsallen. Ina tsaye wani ya ce a share masa tudun duka, wai yana rage masa sauri, aka kuwa share masa. Na yi magana, suka dube ni kamar wanda ya zo bara. Da Haruna yana nan ban san me zai ce musu ba. Wataƙila ya yi musu faɗa, don shi mai iya faɗa wa kowa gaskiya ne, in ka cire mutum ɗaya.

Wata Jumma'a ce, bayan ruwa ya janye an koma aiki. Haruna ya cire sarƙarsa mai kusurwa ya rataye a rumfar ƙofar gida, da niyyar ya wasa ta in an sauko masallaci, sai gaisuwar wani mara lafiya ta ɗauke mu har yamma. Da safiyar Asabar na biyo masa mu tafi, na tarar da Kawu zaune a ƙofar gida da abokansa tsofaffi uku, ga sarƙar a kan buzu, an shafe ta da mai tana ƙyalli. Ban taɓa ganin fuskar Kawu a sake kamar ranar ba. Haruna ya fito ya durƙusa daga nesa, Kawu ya dube ni ya ce, "Isiyaku, hwaɗa ma wancan na duba mai janzir nai. Haƙoran ba su da laihi. Amma masu ƙirar ga raggaye na, sun bar ƙululai gaban kowane haƙori suna tare mai hanya. Na share su duka."

Na ɗauki sarƙar na duba. Haƙoran dai ko Haruna iyakar washin da zai yi musu ke nan, tsohon ya gano kusurwarsu da idonsa kawai, ba wanda ya nuna masa. Amma babu ɗan jagora ko ɗaya, duk ya goge su sun yi daidai da jikin sarƙa. Maƙerin gatari ne, a duniyarsa duk abin da ya tsaya a gaban kaifi aibi ne. Kafin in buɗe baki sai ya ƙara da cewa yau shi da abokansa za su bi mu dajin, su ga wannan munshar da ake ta faɗi. Mutumin da ko sunan zarton ba ya son ji, yau ga shi ya ɗaura wa jaki akumari.

Ina lissafin in mun yi nisa mu sauya sarƙar, to ga wanda ya wasa ta yana biye da mu. Tawa kuma ba ta shiga zartonsa. Muna gaba suna baya, na matsa kusa da Haruna na yi masa kiran Larabawa na ce, "Ya zol, ka ga abin da na gani? Wagga ba sarƙa ta ba, ajali na."

Ya ce, "Na gani tun kahin kai."

Na ce to ya faɗa masa mana, ai gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Ya ce da wane bakin, kuma a gaban abokansa? Shekara da shekaru tsohon bai taɓa wani abu nasa ba, sai jiya. Na ce to mu ce injin ya lalace. Ya ce gobe zai dawo, jibi ma haka. Na ce ni ai ba ɗan farinsa ba ne, ɗan ƙanwarsa ne, bari in je in gaya masa da ladabi. Sai ya damƙe mini wuyan hannu har sai da na ji zafi, ya ce, "In ka buɗe baki, ni da kai har lahira. Icce guda za ni kayar mai, shi ke nan, shi gani shi koma gida. Hannuna ya san ƙarhe, ɗan mace."

Hausawa sun ce ranar wanka ba a ɓoyon cibi, amma mu mun ɓoye. Ya tayar da inji ya sa a gindin wata bagaruwa, yana riƙe da zarton da dukan ƙarfinsa, jijiyoyin wuyansa duk sun tashi. Sarƙar tana fizga tana watso ɓarɓashi manya-manya irin waɗanda ban taɓa gani ba. Itacen ya faɗi, tsofaffi suka yi kabbara. Kawu ya yi dariya har da tafa cinya, ya dubi abokansa, sannan ya nuna rassan da sandarsa ya ce a datse su ma ya gani. Na ga Haruna ya ɗan saci kallon fuskar ubansa. Ina jin a rayuwarsa bai taɓa ganin tsohon yana murna da shi ba, kuma abin ya yi masa daɗi fiye da yadda ya yi zato. Ya shiga cikin rassan. A reshe na biyu ko na uku tsinin zarton ya taɓa wani reshe da ganye ya rufe, zarton ya yi sama, ya same shi tsakanin wuya da kafaɗa.

Muka ɗaure wurin da rawani muka sa shi a motar ɗaukar gumagumai, tsofaffin suka tsaya da Kawu. Hanyar baƙar ƙasa ce da ba ta gama bushewa ba, motar na tafiya tana kafewa. Kansa yana kan cinyata. Maganar da ya iya yi ita ce, "Jehwa janzir ɗin Bahar. Ka ce ni na yi sakaci." Ya maimaita har sai da na ce na ji, na ɗauka. Bai kai asibiti ba.

Na cika alkawari. Kafin a yi jana'iza na koma dajin na cire sarƙar na jefa ta kogi. Wakilin ɗan kwangila ya tambaye ni, na ce sakaci ne, shi kuwa dama abin da yake so ya ji ke nan. Magana ta bazu daga Suki har Abu Hujar cewa Osta ya saba da zarto har ya raina shi. Mutanen da shi ya koya wa riƙon magagari suna faɗin haka a gabana, ina gyaɗa kai. Mutumin da ko rana ɗaya bai taɓa tayar da inji bai duba sarƙa ba, ni da bakina na ɗora masa sunan mai ganganci. Matarsa Hawwa ta yi takaba ta fita, daga baya ta yi aure a Dinder ta tafi da yaransu biyu. Sun girma can, Larabci ya fi musu Hausa sauƙi a baki, kuma abin da suka sani game da ubansu shi ne bai kula ba.

A zaman makoki Kawu bai zubar da hawaye ba, don uba ba ya kukan ɗan fari, mutane suna ta yaba haƙurinsa. Abin da ya riƙe ya jingina da shi ɗaya ne. Duk wanda ya zo gaisuwa sai ya gaya masa cewa ko ba komai, wancan ya tafi da kaifin hannunsa, kuma kowa ya ga yadda sarƙar ke ci. Ina zaune a gefe ina jin wannan. Bayan sadakar arba'in ya kira ni ya ce daga yau in riƙa kawo masa tawa sarƙar, abin da ya yi wa wancan ni ma zai riƙa yi mini. Sai na shiga tara tsofaffin sarƙoƙin da abokan aiki suka yar, ina kai masa ranar Jumma'a. Ya yini a kansu, ya wasa haƙora ya share 'yan jagora, in karɓa in yi godiya, in je in tura su ƙarƙashin rumbu. Maƙera ta sake yin motsi, tsohon har ya ɗan yi ƙiba. Damina biyu muna haka.

Amma Kawu ba wawa ba ne, rashin sani ne kawai ya same shi. Wata la'asar na dawo daga Suki da sabuwar sarƙa, na tarar da shi a rumfata yana jirana. Ya karɓa ya shimfiɗa ta a gwiwarsa, yana bin 'yan jagoran da farce ɗaya bayan ɗaya, ya daɗe yana yi. Can ya ce, "Isiyaku, ƙululan ga duk tsawonsu guda."

Na ce haka suke zuwa, ai shi da kansa ya faɗi cewa raggancin masu ƙira ne.

Ya ce, "Raggo ba shi auna abu hakanga. Mi ad aikinsu?"

Na ce ban sani ba. Ya dube ni, ya ce sarƙoƙin da yake gyara mini, bai taɓa ganin wadda ya gyara ta dawo hannunsa ta dakushe ba, ina nake kai su? Na sunkuyar da kai. Bai sake tambaya ba. Ya naɗe sarƙar a hankali ya miƙo mini da hannu biyu, ya nemi sandarsa ya tafi. Washegari ba a hura wuta a maƙera ba, kuma ba a sake hurawa ba. Ya daina zama ƙofar gida, ya daina karɓar baƙi, abinci sai an matsa masa. Bai ga damina ta gaba ba.

To ga cinikin da Haruna ya yi. Ya ba da ransa da sunansa, ya mai da 'ya'yansa marayu, don kada ubansa ya ji kunya a gaban tsofaffi uku. Abin da ya samu shi ne damina biyu ta kwanciyar rai ga tsohon, bayan ta kuma baƙin cikin da ya fi wancan kunyar nauyi nesa ba kusa ba. Na san akwai masu karanta wannan da za su ce biyayya ce, Allah ya ba shi lada. Amin, ina yi masa wannan addu'ar kullum, shi da Kawu, Allah ya jiƙansu ya sa sun huta. Amma kada kowa ya ce mini abin ya yi kyau. Akan ce abin da babba ya hango yaro ko ya hau rimi ba zai gani ba. Ba a gaya mana abin da za a yi ba ranar da yaron ne ya gani.

Me ya rage na Haruna? Kurmin da muka sare yawancinsa ya zama gona da buhunan gawayi. Washinsa yana hannun mutum biyu ko uku da suka tsufa kamar ni. Abin da na tabbata ya rage yana cikin gidana. Lokacin da ya rasu ɗana na fari yana tatata, ban taɓa ambatar sunansa ba. Muna dawowa daga maƙabarta na kira shi, Sale, na ɗora shi a cinya, mata suna leƙe suna salati. An ce ba ni da kunya, an ce zaman Larabawa ya ɓata ni, ban fasa ba. Na raine shi yana ci tare da ni, yana musu da ni.

Sale ma zarto yake riƙewa, a dazukan wajen Dinder. Bara ya zo gida ya rataye sarƙarsa, ni kuma hannu ya yi ƙaiƙayi, na ɗauko magagari na zauna a kanta, ga baƙi a rumfa ana shan shayi. Ya fito ya duba, ya ce, "Baba, aje. Idonka ba shi gani yanzu, ka ɓata min haƙoran hagu duka. Ba ni shiga daji da wagga." A gaban mutane ya faɗa, kowa ya sunkuyar da kai don jin kunyata. Ya yi mini ciwo ƙwarai, ba zan ɓoye ba, ranar ko tuwo ban ci ba.

Haruna, ka ji girman abin da ka mutu don ka kare Kawu daga gare shi. Ɓacin ran yini ɗaya ne da tuwon da ban ci ba. Washegari yaron ya sa wata sarƙar ya tafi daji, da yamma ya dawo gida da ƙafarsa.